Wai da gaske biri ya yi kama da mutum, ko a baki ne kawai?

Baban Walid:
Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Dan Allah masu ilimin dabbobi ku taimaka min da wani abu da ya tsaya min a rai. Jiya da daddare barci ya ƙi zuwa ina ta latse-latsen waya, sai na faɗa kan wani bidiyo na goggon biri, irin manya-manyan nan baƙaƙe wuluk, uwa ce a zaune ta rungume jaririnta tana ɗaga 'yar ƙafarsa tana dubawa tana shinshinawa, can sai mai ɗaukar hoton ya matso kan hannunta. Wlh sai da tsigar jikina ta tashi. Farce shimfiɗaɗɗe irin namu sak, zanen tafin hannu, har 'yar tattarar fatar nan ta kan gaɓoɓin yatsu. Na kara hannuna jikin wayar ina gwadawa kamar wani taɓaɓɓe, madam ta farka tana tambayata ko lafiya. To ni tambayata biyu ce. Na ɗaya ban ga wutsiya ba, yanke mata aka yi ko haka Allah ya yi su? Na biyu, in har kamar ta kai haka, takamaimai a ina jikinmu ya rabu da nasu?

Sarkin Gardama:
Hhhhh Baban Walid ya gano dangi da tsakar dare. Allah ya bar zumunci, a gaida mana goggo.

Baban Walid:
Kai dai ba ka da dama. Za ta ji, ta ce ma tana nemanka.

Nura:
Wa'alaikumus salam Yaya. Ba yanke mata aka yi ba, haka suke. Matsalar daga harshenmu ne, mun tattara su duka mun zuba a buhu ɗaya mun ce biri, alhali gida biyu ne. Akwai masu wutsiya irin su jan biri da bika, sannan akwai marasa wutsiya. Manyan marasa wutsiya kuma huɗu ne in ka cire mutum: gorila, cimfanzi, bonobo, da orangutan. Ukun farko duk a dazukan Afirka suke, shi kuwa orangutan sai tsibiran Borniyo da Sumatara can Asiya. Akwai wasu ƙanana su ma ba wutsiya, gibon, amma su ba a lissafa su cikin manyan. Wadda ka gani inaga gorila ce tunda ka ce baƙa ce kuma ƙatuwa. Kuma mu ma fa da ɗan guntun abin a jikinmu, ƙashin nan na ƙarshen gadon baya wanda in santsi ya kwashe ka ka faɗi da mazaunai sai ka yi sati kana zama a karkace, to irinsa ne su ma suke da shi a inda wutsiya za ta fito.

Malam Habu:
Nura ɗana a dai bi a hankali. Daga nan ake farawa a ƙare da cewa mutum daga biri ya fito. Ni dai abin da na yi imani da shi Annabi Adamu shi ne uban mutane, kuma a kansa zan mutu. Kama kam akwai ta, mai ido ba zai musa ba, amma ai kama da wane ba ta wane.

Nura:
Allah ya ƙara girma Baba. Abu ɗaya kawai zan gyara, ko masu wancan ra'ayin ba su ce cimfanzi ne ya rikiɗe ya zama mutum ba, wannan mutane ne suka ƙara wa maganar gishiri. Abin da suke cewa shi ne mu da su mun haɗa kaka ɗaya can baya shekara miliyan 6 zuwa 7, kowa ya kama hanyarsa. Mutum ya yarda ko kar ya yarda wannan tsakaninsa da zuciyarsa ne, amma in za a ƙi magana gara a ƙi ta yadda masu ita suka faɗa. Kuma jera mutum kusa da birai ya girmi Darwin, masanin da aka fi danganta wancan ra'ayin da shi, nesa ba kusa ba, tun 1735 wani masani ɗan Suwidin mai suna Linnaeus ya sa su a rukuni ɗaya, shi kuma mutum ne mai riƙo da addininsa, tsarin jiki kawai ya duba.

Kawu Sale:
Jama'a ni ne mai kula da gidan nan, ina roƙo kar a kai mu inda aka kai mu wancan karon har mutum uku suka fice. Tambayar Baban Walid a kan jiki da halayya take. Mai son waccan muhawarar ya buɗe nasa zaren.

Malam Habu:
Na ji Kawu, ba rigima na zo yi ba. A ci gaba ina saurare, ni ma zan ƙaru.

Sarkin Gardama:
To ni abin da ban gane ba shi ne wannan ƙaryar ta kashi 98 cikin ɗari. Kullum sai a ce wai DNA ɗinmu da na cimfanzi kusan ɗaya ne. To in haka ne kashi ɗaya da ɗoriya ne kawai ya sa ni nake riƙe da waya shi yana tsince ƙwarƙwata a bayan ɗan'uwansa? Haba dan Allah.

Dakta Rabi:
Sannunku da hira. Sarkin Gardama ba ƙarya ba ce, lissafin ne ke yaudarar kunne. Ka ɗauka DNA littafi ne mai haruffa kusan biliyan 3. Da aka gama karanta na cimfanzi a 2005 aka jera shi da namu, a wuraren da suka yi daidai da juna bambancin kashi ɗaya da 'yan kai ne, amma wannan ɗan kashin ya kai haruffa wajen miliyan 35, ban da wuraren da wani ke da ƙari wani ke da ragi. Miliyan 35 ba wasa ba ne, ai ɗigo ɗaya ma yana juya ma'anar kalma balle haka. Sannan kiromosom, wato ƙunshin da DNA ke naɗe a ciki, mu 46 gare mu, su dukkansu huɗun 48.

Amma ni tambayar Baban Walid ta biyu ce ta janyo ni, domin ƙashi da tsoka nake koyarwa. Kowa in aka tambaye shi me ya raba mu da su sai ya nuna kai. Ni ƙafa nake nunawa. Ka cire takalmi ka dubi ƙafarka yanzu. Babban yatsanka a jere yake da sauran, yana kallon gaba, tafin kuma da ɗan lanƙwasa a tsakiya wanda in ka taka ƙasa da jiƙaƙƙiyar ƙafa za ka ga wajen bai fito ba. Ƙafar cimfanzi kuwa hannu ce ta biyu, babban yatsan a ware yake gefe, yana damƙar reshe da shi, yana iya ɗaukar abu da shi ya kai baki. Daga nan sai komai ya biyo baya. Ƙashin ƙugunmu gajere ne mai faɗi kamar kwano yana tallafe da kayan ciki, nasu dogo ne shimfiɗaɗɗe. Ƙashin cinyarmu ya karkato ciki ta yadda gwiwoyi ke haɗuwa a ƙarƙashin jiki, shi ya sa muke tafiya ɗoɗar, su kuwa in sun miƙe sai ka ga suna rangaji hagu da dama kamar mai ɗauke da tulu biyu. Ramin da lakar gadon baya ke shiga ƙoƙon kai, namu a ƙasa yake tsakiya, kai na zaune a kan wuya, nasu ya ja baya. Hannayensu sun fi ƙafafunsu tsawo, mu akasin haka. Gorila da cimfanzi in suna tafiya a ƙasa naɗe yatsu suke yi su dogara a kan bayan gaɓoɓin, har fatar wajen ta yi kanta.

Baban Walid:
Dakta wlh na cire silifas ina ta kallon ƙafata, yara sun kewaye ni. To amma ƙwaƙwalwa fa, ai nan ne babban bambancin ko?

Dakta Rabi:
Babba ne ƙwarai, tamu ta ninka ta cimfanzi sau uku da wani abu, tasu wajen giram 400, tamu kilo ɗaya da giram 300 zuwa 400. Abin da ya sa na fara da ƙafa shi ne ƙasusuwan da aka tono. A 1974 a Hadar ta ƙasar Habasha aka samu ƙasusuwan wata halitta da aka sa wa suna Lucy, an ƙiyasta shekarunta miliyan 3.2, tsawonta da kaɗan ya wuce mita ɗaya. Ƙugunta da gwiwarta na mai tafiya a tsaye ne, amma kanta kusan girman na cimfanzi. A Laetoli ta Tanzaniya kuma a 1978 aka gano sawun ƙafafu a cikin tokar dutse mai aman wuta da ta daskare, shekara miliyan 3.6, dunduniya ta nutse, babban yatsa a jere, babu alamar hannu ko ɗaya a ƙasa. Wato miƙewa tsaye ta riga girman kai da nisa. Yadda kowa zai fassara waɗannan ƙasusuwan daban, amma suna nan a ajiye ana aunawa.

Maman Ihsan:
Dakta kin taɓo inda nake, ni ungozoma ce. Wannan kwanon ƙugun da kike yabo mu mata mu ke biyan kuɗinsa a ɗakin haihuwa. Hanya matsattsiya kuma a murɗe, kan jariri ƙato, sai ya juya ya sake juyawa kafin ya fito, yawanci kuma fuskarsa na kallon bayan uwar, shi ya sa take buƙatar wani ya tara hannu. Na karanta cewa cimfanzi in naƙuda ta zo mata janye jiki take yi daga cikin garke ta je ta haihu ita kaɗai abinta. Kuma jaririnmu fa ɗanye yake zuwa, ko wuyansa ba ya iya riƙewa. Sai dai akwai abin da kullum yake ba ni mamaki, ka sa yatsa a tafin hannun jaririn da aka haifa yau, zai damƙe shi gam har kana iya ɗan ɗago shi, ka taɓa ƙasan yatsun ƙafarsa su ma sai su naɗe kamar za su kama wani abu. Bayan 'yan watanni abin ya ɓace. Nasu jariran da wannan damƙar suke maƙale wa gashin cikin uwa tana hawa bishiya. Namu ya zo da damƙar bai tarar da gashin ba.

Ɗan Auta:
Anti wannan maganar ta ƙarshe ta kashe ni hhh. Ni bari in ba ku nawa. Muna makaranta aka kai mu wani gidan namun daji, akwai wani tsohon cimfanzi shi kaɗai a keji, gemunsa har ya yi furfura, ya zauna ya juya mana baya. Ni da rawar kai na ɗauki ayaba ina miƙa masa in ya miƙo hannu in janye, na yi haka sau uku abokaina na dariya. Bai yi ihu ba bai yi komai ba, ya tashi a hankali ya je wajen ruwansa ya dawo ya zauna dab da ƙarfen yana kallon wani waje daban kamar ya manta da ni. Ina matsowa na huɗu ya feso min ruwan da ya cika baki da shi, a fuska, har cikin hanci. Abin da ya fi ba ni tsoro ba ruwan ba ne, yadda ya jira ne. Mu fi ashirin a wajen amma ni ya ware. Har yau in na tuna kunya nake ji, dan ni ne dabban a ranar.

Sarkin Gardama:
Ka gode Allah da ƙarfe a tsakaninku, an ce ƙarfin ɗaya ya kai na ƙarti goma.

Dakta Rabi:
Wannan goman ƙari ne irin na mafarauta. Da aka auna tsokar tasu an samu in aka kwatanta nauyi da nauyi sun fi mu kamar sau ɗaya da rabi wajen fizga da tsalle, saboda tsokarsu ta fi yawan zaren da ke aiki da sauri ya gaji da sauri. Amma kar wannan ya sa ka shiga kejin, ga fiƙoƙi kamar wuƙa kuma ba ya jin tausayin fuska da yatsu. Mu inda muka fi su juriya ce. Jikinmu cike yake da ƙofofin gumi miliyoyi, gashin kuma ya zama siriri gajere, iska na busar da gumin jiki na hucewa, shi ya sa mutum zai yi gudun kilomita 42 da rana, abin da ba wani goggon biri da zai gwada. Sai jifa. Babban namijin cimfanzi da duk ƙarfinsa jifansa bai wuce gudun kilomita 30 a awa ba kuma ba saiti, yaro ɗan firamare da ya saba da jifa ya fi shi. Kafaɗarsu an gina ta ne dan rataya, tamu ta sauko ta buɗe gefe.

Nura:
Ɗan Auta labarinka ya kawo mu kan halayya, nan ne ni abin ya fi ɗaure min kai. Da can masana cewa suke mutum ne kaɗai ke ƙera kayan aiki, sai a 1960 Jane Goodall, lokacin tana 'yar shekara 26 ko digiri ba ta da shi, ta je dajin Gombe a bakin tafkin Tanganyika a Tanzaniya, ba Gomben da kuka sani ba, ta ga wani cimfanzi da ta sa wa suna David Greybeard ya zauna a kan suri yana zura tsinken ciyawa a rami yana zarowa gara ta maƙale yana suɗewa, daga baya ta ga suna karyo reshe su zage ganyen tas kafin su zura, wato gyara abin suke ya dace da aikin. A dajin Tai na Kodebuwa da Bossou ta Gini kuma fasa ƙwara suke da dutse, a ɗora a kan wani dutsen ko saiwa a buga, yaro sai ya yi shekaru yana zaune gefen uwarsa yana kallo yana bugun yatsunsa kafin ya iya. A Fongoli ta Senigal an gan su suna fiƙe sanda da haƙori su soka cikin kogon bishiya su farauto wata 'yar dabba mai manyan idanu da ke kwana a ciki. Abin lura kuma kowane yanki da nasa salon, na Gombe ba sa fasa ƙwara da dutse duk da akwai duwatsu a dajinsu, ba su gani a wajen iyayensu ba ne kawai.

Malam Habu:
Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe kenan. Ikon Allah. To su ma suna da shugabanci a tsakaninsu?

Nura:
Sosai Baba, kuma kowane gida da tsarinsa. Gorila mai gida ɗaya ne da matansa da 'ya'ya, shi ne wanda bayansa ke yin fari kamar azurfa in ya kai shekara 12 zuwa sama, nauyinsa na kai kilo 150 zuwa 200, matan kusan rabinsa. Duk girman nan ganye da ɓargon tsirrai da 'ya'yan itace yake ci, shi ya sa tumbinsa ya yi gaba, hanji ne mai tsawo a ciki. Dukan ƙirjin nan ma da ake nunawa a fim da dunƙulallen hannu ba haka ba ne, tafi yake ɗan lanƙwasawa ya buga ya ba da sauti kamar ganga, kuma yawanci gargaɗi ne dan kar a kai ga faɗa. Cimfanzi kuwa siyasa ce zalla, maza ke mulki amma ƙarfi kaɗai ba ya ba ka kujera sai kana da magoya baya, ka yi wa wannan tsifa ka raba wa wancan nama, biyu su haɗa kai su tumɓuke na sama. Har yaƙi suna yi, a Gombe garke ɗaya ya rabu biyu, daga 1974 zuwa 1978 ɓangaren da ake kira Kasakela suka bi mazan ɗaya ɓangaren, Kahama, ɗaya bayan ɗaya suka kashe su. Goodall da kanta ta ce abin ya daɗe yana hana ta barci.

Maman Ihsan:
To maza dai ko a daji halinsu ɗaya.

Nura:
Anti ai bonobo naku ne. Kamarsu ɗaya da cimfanzi sai dai sun fi siranta da baƙar fuska da jan leɓe, ba a samunsu ko'ina sai kudancin kogin Kwango, cimfanzi na arewa, ruwan ya raba su dan ba su iya iyo ba. A wajensu mata ke da ta cewa, ba dan sun fi maza girma ba, haɗa kai suke yi, namiji ya ɗaga wa ɗaya hannu sai su taru masa. Darajar namiji ma daga uwarsa take zuwa, in babarka babba ce a garke kai ma ka haye.

Sarkin Gardama:
Wato ɗan Hajiya. Allah ya raba mu da zama bonobo.

Baban Walid:
Na huɗun fa, mai jan gashin nan? Shi ba a ce komai a kansa ba.

Nura:
Orangutan, sunan daga harshen Malay ne, ma'anarsa mutumin daji. Shi ba ruwansa da taro, rayuwarsa kusan duk a saman bishiya shi kaɗai, babban namiji na da wasu faifan kumatu da jakar maƙogwaro da yake kira da ita a ji shi nesa. Uwa kuma sai ta yi shekara 7 zuwa 8 tsakanin haihuwa da haihuwa, tana tare da ɗa guda tana nuna masa wace bishiya ke 'ya'ya a wane lokaci. Wannan jinkirin ne ya sa in aka sare daji dan gonakin kwakwar manja ba sa farfaɗowa da wuri, akwai irin da ake kira Tapanuli da sai 2017 aka tabbatar jinsi ne daban, ba su kai 800 ba a duniya. A 2022 a Sumatara aka ga wani mai suna Rakus da rauni a ƙasan ido, ya tsinko ganyen wata itaciya da mutanen yankin ke magani da ita, ya tauna ya shafa ruwan a ciwon ya liƙa tuƙar a kai, ya warke. Cimfanzi ma a tsaunukan Mahale na Tanzaniya an ga marasa lafiya na ɓare reshen shuwaka suna tsotsar ɗacin dan tsutsar ciki. Kuma dukkansu huɗun kullum da yamma sai kowa ya lanƙwasa rassa ya yi wa kansa sabuwar shimfiɗa, ba sa kwana a tsaye ko a tsugune.

Sarkin Gardama:
Duk na ji. Amma wanda ba zan taɓa haɗiya ba shi ne na gorilar nan Koko da aka ce tana magana da hannu irin ta kurame, wai har ta san kalma dubu. Na kalli bidiyon, ita tana ta yarfa hannu matar da ke kula da ita ce ke cewa ga abin da take nufi. Ai ko ni ka ba ni akuya na shekara arba'in zan fassara maka kukanta.

Dakta Rabi:
Yau dai gardamarka ta faɗa kan gaɓa. Masana da yawa ra'ayinka gare su. Akwai wani malami a Amurka, Herbert Terrace, da ya raini wani cimfanzi mai suna Nim dan ya tabbatar suna iya harshe, da ya zauna ya sake kallon faifan da aka ɗauka a hankali sai ya ga yawanci Nim maimaita alamar da malaminsa ya gama yi yake, kuma kusan duk maganar ba ni ce, ba ni abinci, ba ni lemo, yi min cakulkuli. A 1979 ya fito ya ce ya yi kuskure. Amma kar a zubar da komai, Kanzi, wani bonobo, lokacin da yake raye yana jin umarni da baki har wanda bai taɓa ji ba ya aikata, yana kuma nuna alamomi ɗaruruwa a allo. Suna haɗa alama da abu, wannan tabbas ne. Jera magana mai nahawu a ba da labarin jiya, wannan ba a gani ba. Ko idonmu ma ka duba, farin ya fito fili ta yadda daga nesa ka san inda nake kallo, da ido kaɗai uwa ke tsawata wa ɗanta a gaban baƙi. Su mafi yawansu wajen duhu ne, sai ka bi juyin kai.

Nura:
Ƙari a kan na Dakta, a dajin Tai an tono duwatsun fasa ƙwara na cimfanzi masu shekara 4,300. Jikokinsu na nan a dajin yau, dutsen ne dai, bugun ne dai, ba wanda ya ɗaura masa ƙota. Kowa na koya daga uwarsa amma ba mai ɗorawa a kai.

Malam Habu:
To ka ga inda nake nufi ai. Amma ina da tambaya, waɗannan da ake cewa Niyandatal su kuma birai ne ko mutane?

Dakta Rabi:
Baba in ka gan shi da riga ba za ka ce biri ba. A tsaye yake tafiya kamar mu, gajere kakkaura mai faɗin ƙirji da babban hanci da tudun gira, ƙwaƙwalwarsa ta kai tamu har takan ɗara. Suna hura wuta, suna ƙera mashi, an samu ƙasusuwan waɗanda suka ji mummunan rauni suka warke suka tsufa, alamar akwai mai jinyarsu. A kwarin Neander na Jamus aka samu wanda ya ba su suna a 1856, sun ɓace kimanin shekara 40,000 da suka wuce, kuma mutanen Turai da Asiya na ɗauke da kashi 1 zuwa 2 na DNA ɗinsu, aikin da ya sa aka ba Svante Pääbo kyautar Nobel a 2022. Abin da ba su da shi kuwa zai ba ku dariya, haɓa. Wannan ɗan tudun ƙashin da ya turo gaba a ƙasan leɓenka, babu shi a gorila, babu a cimfanzi, babu a Niyandatal, muƙamuƙinsu zamewa yake baya. Mu kaɗai ke da shi, kuma har yau masana na ta jayayya a kan amfaninsa.

Ɗan Auta:
Yanzu duk gidan nan kowa ya kama haɓarsa na sani.

Sarkin Gardama:
To alhamdulillahi, ga haɓa ga ƙwaƙwalwa sau uku, ba abin da biri zai nuna min.

Nura:
Yaya kar ka cika baki. A jami'ar Kyoto ta Japan akwai wani cimfanzi Ayumu, ana watsa lambobi 1 zuwa 9 a allon kwamfuta a warwatse, su bayyana ƙasa da ƙiftawar ido sai a rufe su da fararen akwatuna, shi kuma ya bi ya taɓa su a jere daga ƙarami zuwa babba, yana yi yana waige-waige kamar ba abin da ya dame shi. An gwada shi da ɗaliban jami'a a 2007 ya kayar da su. Akwai irin wasan a intanet, ka nema ka gwada mu ji.

Sarkin Gardama:
Ba ni minti biyar.

Maman Ihsan:
Minti ashirin kenan fa, ko lafiya?

Ɗan Auta:
Yaya Sarki muna jira.

Sarkin Gardama:
Gilashin wayata ne ya tsage ta gefe, lamba ta shida kullum a wajen take faɗawa. Kuma shi ai ba shi da kuɗin makarantar yara a kansa. Zan sake da safe.